Malamin Da Ya Tafi Neman Garayar Masunta

A gidanmu akwai mawaƙa da yawa da muke jin daɗinsu, amma idan aka ce mu zaɓi guda ɗaya ba za mu yi gardama da juna ba. Marigayi Malam Maman Barka na Jamhuriyar Nijar za mu zaɓa. Mun fi shekara talatin muna sauraronsa, tun muna malaman makaranta a Argungu, har muka gama aiki muka zauna a Birnin Kebbi. 'Ya'yanmu sun tashi da muryarsa a kunnuwansu. Yanzu kuma jikoki suna tambaya, wai wane ne wannan mai kiɗa da kakanninsu ba sa gajiya da shi? Saboda su, da kuma masu karatu waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba, muka ga ya dace mu rubuta abin da muka sani game da shi, da abin da kiɗansa ya koya mana.

Watakila wani zai yi mamaki, ya ce yaya mazaunan ƙasar Kabi za su riƙe mawaƙin wata ƙasa haka. Wanda ya san wannan yanki ba zai yi mamaki ba. Daga Kamba zuwa Gaya tafiya kaɗan ce, haka kuma daga Kangiwa zuwa ƙasar Dogon Dutsi. Arawa da Zabarmawa da Dandawa suna zaune a wannan gefe da wancan gefe. Kasuwa ɗaya suke ci, aure kuma yana ƙetare iyaka kowace shekara. Da dare rediyon Yamai, wato Muryar Sahel, yakan shigo mana sarai kamar daga bayan gida. A zamanin kaset kuwa, fatake sukan shigo da su tare da sauran kaya. Ta wannan hanya muryar Malam Maman Barka ta iso gidanmu.

Wane ne shi?

An haife shi wajen 1959 a Tasker, can gabas cikin jihar Damagaram, inda gonaki suka ƙare, rairayi ya soma. Mutanensa Tubawa ne, makiyaya masu yawo da dabbobi cikin hamada. Ya yi karatun boko, ya zama malamin makaranta, sunan Malam kuwa ya bi shi har ƙarshen ransa.

Wannan ya sa mun ji shi kamar ɗan'uwa tun da fari. A ƙasarmu kiɗa yawanci gado ne. Kowa a nan ya san gidan Ɗandawo, da uban, Aliyu, da ɗansa Sani, waɗanda sarakunan Argungu da Yawuri suka ji daɗin waƙoƙinsu. Yaro yakan tashi yana amshi a bayan ubansa har ranar da zai tsaya a gaba. Shi kuwa Maman Barka daga gaban allo ya fito, da ƙurar alli a hannunsa. Ya yi waƙa da Hausa, da harshensa na Tubawa, da Barbarci, daga baya kuma da harshen Buduma. Daga bisani ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, inda ake tattara kayan kiɗan gargajiya na Nijar.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne gurmi. Masu karatu na ƙasar Hausa sun san gurmi, amma bari mu kwatanta shi domin yara. Ana samun ƙaramar ƙwarya, a rufe bakinta da fata, a soke ta da sanda, sa'an nan a ɗaura tsirkiya biyu. Ke nan. Mutum zai iya sa shi cikin jaka ya hau keke. Waɗanda suka ji Haruna Uji na Haɗeja sun san abin da gwani zai iya fitarwa daga wannan ɗan abu. Maman Barka ma gwani ne, yatsunsa suna gudu bisa tsirkiya kamar ba sa taɓa ta. Waƙarsa mai suna Amairam ta zaga Nijar da arewacin Nijeriya, har waɗanda ba su san fuskarsa ba sun san ta.

Abin da muka so a gurminsa

Na fari, ana jin maganarsa. Kiɗan ba ya danne murya. Mutum yana iya zama a tsakar gida da yamma, uwargida tana tsince shinkafa, yara suna aikin makaranta, kowa kuwa yana bin abin da ake faɗa. Hausarsa irin ta gabas ce, ta bambanta da tamu ta yamma, amma wannan ƙara mata daɗi ya yi. 'Ya'yanmu sukan yi ta kwaikwayon yadda yake furta waɗansu kalmomi, su yi ta dariya.

Na biyu, mun gane malami a cikinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara sittin da rana tsaka ya san dabarar. Ka faɗi magana, ka sake faɗinta ta wata hanya, ka sa ɗan abin dariya don kada barci ya kwashe su, sa'an nan ka komo kan maganar. Haka yake gina waƙa. Yakan ja kunne ba tare da zagi ba. Sau da yawa ɗayanmu yakan dubi ɗaya ya ce, “Wannan mutum ya shirya darasinsa.”

Na uku, waƙarsa irin wadda uba da 'yarsa za su saurara tare ce, babu mai sunkuyar da kai don kunya. Iyaye sun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai waƙoƙin da in an kunna su a motar haya sai dattijo ya rasa inda zai sa idonsa. Ba mu taɓa tashi da gaggawa mu kashe rediyo saboda Malam Maman Barka ba.

Da a ce a nan ya tsaya, da ya isa a tuna da shi. Amma sa'ad da ya riga ya yi suna, ya kuma haura shekara arba'in, sai ya yi wani abin da ya sa muka ƙara girmama shi.

Tafiya zuwa tafki

A tsibiran Tafkin Chadi da gaɓarsa akwai wata kabila da maƙwabtansu ke kira Buduma, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Masunta ne, suna kuma kiwon shanu masu manyan ƙahoni. Suna da wani abin kiɗa da ake kira biram. Jikinsa na itace ne, an sassaƙa shi kamar kwalekwale, an rufe shi da fata. Daga gefe guda wuya ya tashi ya lanƙwasa kamar baka. Tsirkiya biyar gare shi.

Mun kira shi garaya domin ita ce kalmar da ta fi kusa, amma akwai bambanci, ga shi kuwa. A gurmi da molo da garayarmu ta Hausa, tsirkiya tana kwance bisa sanda, mai kiɗa yana danna ta da yatsun hannu ɗaya domin ya sauya murya. A biram kuwa tsirkiyoyi suna tashi ne daga cikin jirgin su hau zuwa wuya, suna tsaye cikin iska, babu wurin dannawa. Kowace tsirkiya da muryarta guda. Saboda haka murya biyar kaɗai mai biram yake da ita, da su zai faɗi dukan abin da ke zuciyarsa. Danginsa a Afirka ta Yamma sun haɗa da kora mai tsirkiya 21, wadda makaɗan Mali da Senegal da Gambiya suke kaɗawa, irin su Toumani Diabate wanda ya rasu a 2024. A bangon kaburburan Masar na dā ma akwai zanen mutane riƙe da abin kiɗa mai lanƙwasasshen wuya irin wannan.

Kora tana da makaɗa da yawa. Biram kuwa ya kusa ɓacewa. Samarin Buduma sun daina koyo, tsofaffin da suka iya suna ta ƙarewa, har aka wayi gari ana maganar gwani guda da ya rage, wani tsoho mai suna Bukar Tar. A 2002 Maman Barka ya sami taimako daga hukumar UNESCO, ya tashi ya tafi bakin tafki ya nemi tsohon nan. Ya zauna a gabansa kamar ɗan aji ɗaya. Ya koyi kiɗan, ya koyi waƙoƙin da harshen da ba nasa ba. Tsohon kuwa ya amince da shi, har ya ba shi nasa biram. Bayan 'yan shekaru tsohon ya rasu.

Ya ku masu karatu, ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Mutumin da ake tafa masa a Yamai da Damagaram da Kano, wanda in ya ɗauki gurmi kuɗi za su zubo, ya ajiye abin da ya iya, ya tafi ƙauye mai sauro da wuyar hanya domin ya zama almajirin wani tsoho da duniya ba ta san da shi ba. Mu malamai mun san yadda yake da wuya malami ya koma kan benci. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, amma masu gemun da suka yarda da haka a aikace ba su da yawa.

Daga nan ya ɗauki biram ya fita da shi. A 2005 ya kaɗa shi a Maroko. A 2008 ya kaɗa shi a Ingila, a babban taron makaɗan duniya da ake kira WOMAD, tare da abokin tafiyarsa Umaru Adamu, gwanin ganga da kalangu da ƙwarya. A 2009 kamfanin World Music Network ya fitar da faifansu. Ɗaya daga cikin waƙoƙin faifan sunanta Doro Lelewa, sunan wani ƙauye ne na bakin tafki. Ta haka mutanen da ba su taɓa jin sunan Buduma ba suka ji muryar tsibiransu.

Kunnen masunci

Ɗanmu ne ya samo mana waƙoƙin biram, ya zuba mana su a waya. Da muka fara ji, sai muka ga abin ya bambanta da gurmi ƙwarai. Gurmi yana da zaƙi da gaggawa, kamar hirar kasuwa. Biram kuwa muryarsa tana da kauri, tana zagayawa tana komowa wuri ɗaya, ganga tana biye da ita. Ba mu jin harshen, amma mun kasa kashewa.

Wata rana muka tafi Argungu gaishe da wani tsohon maƙwabcinmu, Bakabe, wanda ya yi dukan ransa yana su. Shekara goma sha biyu muka yi katangarmu ɗaya da shi. Shi Musulmi ne, mu Kirista, amma ba a taɓa yin Salla ba tuwonsa bai shigo gidanmu ba, ba a kuwa taɓa yin Kirsimati namu bai shiga nasa ba. 'Ya'yanmu Baba suke ce masa, mu ma haka. Bayan gaisuwa muka kunna masa kiɗan, ba mu gaya masa kome ba. Ya karkata kai ya yi shiru har waƙar ta ƙare.

Sa'an nan ya ce, “Malam, wanga kiɗi daga ina ya hito?”

Muka ce, “Daga Tafkin Chadi, Baba.”

Ya ce, “Ai na sani. Wanga ba kiɗin tudu ba na, kiɗin ruwa na. Ku saurara da kyau. Hannunai shina tahiya kamar na mai tuƙin jirgi, ba shi gaggawa, ba shi tsayawa.”

Muka nuna masa hoton biram. Da ya ga siffar kwalekwale sai ya yi dariya har ya yi tari, ya kira jikokinsa su zo su gani. Daga nan hira ta buɗe. Ya ba mu labarin waƙoƙin da suke yi sa'ad da yake saurayi, da na tuƙi, da na kwana bisa ruwa, da kirarin da ake yi wa wanda ya kama giwan ruwa. Uwargida ta ce, “Baba, ko za ka rera mana ɗaya?” Ya soma, ya yi baiti biyu, ya tsaya. Ya sake somawa, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya ce, “Ɗiyata, sauran ya tahi. Waɗanda munka yi da su duk sun kwanta dama, ba wanda za ni tambaya.”

A hanyarmu ta komawa Birnin Kebbi ba mu yi magana da yawa ba. Mun gane cewa abin da ya kusa faruwa da biram a gabas yana faruwa a ƙofar gidanmu, a hankali, ba wanda ya lura.

Tambayar wani dattijo

Akwai tambayar da muka san tana zuciyar waɗansu masu karatu, gama wani dattijon ikkilisiya ya taɓa yi mana ita da ya iske muna sauraro. Ya ce, “Malam, waɗannan ba kayan iskoki ba ne?”

Tambaya ce mai kyau, ba mu kuwa raina ta ba. Gaskiya ne Buduma sun ɗauki biram abu mai tsarki, suna danganta shi da iskar da suka gaskata tana tsaron tafki. Gaskiya ne kuma a ƙasar Hausa an san garaya da goge a wurin bori. Waɗansu iyayenmu da suka fito daga cikin wannan sun guje wa ko da ƙarar garaya, muna kuwa gane dalilinsu.

Amma mun tuna wa dattijon da abu guda. Sa'ad da masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa suka zo kan kayan kiɗan Dawuda da na Zabura, sunayen kayanmu suka ɗauka, garaya da molo. Kowane ɗan makarantar Lahadi ya san labarin makiyayin da yake kaɗa wa Sarki Saul har hankalinsa ya kwanta. Itace da fata da tsirkiya aikin hannu ne daga abin da Mahalicci ya bayar. Abin da za a auna shi ne abin da ake faɗa da su, da inda suke kai zuciyar mai ji. Mu dai abin da muka ji a biram na Malam Maman Barka shi ne muryar mutane masu neman abinci a ruwa, kamar maƙwabtanmu. Dattijon bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Amma ya zauna ya ji waƙar har ƙarshe, ya sha kunu, ya tafi.

Yadda waƙa take mutuwa

Waƙa ba ta mutuwa ita kaɗai. Takan bi sana'ar da ta haife ta. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ruwan ya janye ƙwarai, har sararin ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ƙauyukan da suke bakin ruwa suka wayi gari a tudu. Sa'an nan tashin hankalin Boko Haram ya zo. A 2015, bayan harin da aka kai tsibirin Karamga, gwamnatin Nijar ta umarci mazaunan tsibiran su fita, dubban mutane suka bar gidajensu da ƙafa. Mutumin da ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar abin kiɗa. Da Malam Maman Barka ya jinkirta tafiyarsa da 'yan shekaru, da bai sami tsohon ba, da hanyar ma ta rufe.

A namu gefen ma ruwa ya sauya hali. Tun da aka gama madatsar Bakolori bisa kogin Sakkwato a 1978, aka kuma gina ta Goronyo bisa Rima a shekarun 1980, ambaliyar da takan cika fadama kowace shekara ba ta zuwa kamar dā. Tsofaffin masunta suna cewa kifi ya ragu. Samari da yawa sun koma noman shinkafa da injin ban ruwa, waɗansu sun tafi birni. Ba laifi ba ne mutum ya nemi abinci inda yake samuwa. Amma wanda ba ya tuƙi ba zai koyi waƙar tuƙi ba.

Muna da bikin kamun kifi na Argungu, muna kuwa fahariya da shi. An soma shi a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, alamar cewa tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi ta ƙare. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya ga dubban mutane sun ruga cikin ruwa da homa da gora, makaɗa suna biye da su cikin jirage suna kiɗa, ba zai manta ba. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Duk da haka bayan na 2009 an yi shekara goma ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020 aka sake. Yaron da aka haifa a farkon wannan tsakani ya kai aji biyar bai taɓa jin kiɗan masunta bisa ruwa ba. Biki na 'yan kwanaki kuwa, ko da ana yinsa kowace shekara, ba zai iya riƙe abin da ake koya a gida kullum ba.

A gidan tarihin Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958, akwai tsofaffin ganguna a ajiye tare da takuba da masu. Mun sha kai 'yan makaranta su gani. Yana da kyau da aka adana su. Amma kowane lokaci yara sukan yi tambaya ɗaya, “Malam, yaya ƙararsu take?” Takobi ana iya ganinsa a gane shi. Ganga kuwa sai an ji. Wannan ne Malam Maman Barka ya gane. A Yamai yana zaune kusa da kayan kiɗa da aka tattara aka ajiye, ya san abin kiɗan da ba mai kaɗa shi ya zama itace kawai.

Gwanayenmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mamman Shata ya rasu a 1999. Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, ya rasu a 2015. Muryoyinsu suna nan a faifai, mun gode wa waɗanda suka ɗauka. Amma waɗannan shahararru ne. Tsohuwar da ta san waƙoƙin daɓe da na niƙa a ƙauyenku fa? Tsohon da ke kaɗa molo a bakin kasuwa fa? Babu gidan rediyon da zai neme su.

Abin da iyali za su iya yi

Ba kowa ne zai sami taimakon UNESCO ba, ba kowa ne kuma zai tafi Tafkin Chadi ba. Amma kusan kowane gida yana da nasa Bukar Tar, zaune a zaure ko a ɗakin baya, ana kai masa abinci, ba a tambayarsa kome.

Ga abin da muka yi, ko zai amfani wani. Mun koma Argungu sau uku da waya, muka roƙi Baba ya rera duk abin da ya tuna, ko rabi ne. Abin mamaki, da ya ga ana so, sai waɗansu baitocin suka riƙa dawo masa. Ya aika aka kira wani abokinsa daga wani ƙauye, suka yi ta tuna wa juna, suna gardama a kan wane baiti ne ke gaba. Muka ba jikokinsa abin da muka ɗauka, gama nasu ne. Baba ya rasu bayan shekara biyu. A wurin gaisuwa babban ɗansa ya riƙe hannun maigida ya ce, “Malam, ɗiyana suna jin muryar kakansu.”

A gida kuma mun saya wa jikanmu gurmi, muka sami wani dattijo da ya yarda ya riƙa nuna masa ranar Asabar. Uwarsa ta ji tsoro da fari, ta ce, “Baba, kada ya bar karatu ya zama maroƙi.” Muka ba ta labarin malamin Tasker, wanda karatu bai hana shi kiɗa ba, kiɗa kuma bai zubar masa da mutunci ba. Yaron yana aji biyu na sakandare yanzu, karatunsa bai ragu ba. Kiɗan nasa dai har yanzu kaji ne suka fi haƙuri da shi, amma yana ci gaba.

Muna roƙon iyaye su bar yara su ji kiɗan ƙasarsu a gida, su kuma gaya musu sunayen kayan da sunayen masu kaɗa su. Muna roƙon matasa masu waya su zauna da kakanninsu tun suna da ƙarfin murya. Masu karatu na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Zuru, kowa yana da kayan kiɗan kabilarsa, kowa kuma ya san wanda ya rage da ya iya. A nan dole mu yaba wa zumuntar mata, gama su ne suka riƙe tulu da kacau-kacau da ganga sa'ad da matasa suka koma ga kayan lantarki. Ran da wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙa, kowa yakan ga wanda ke iya ci gaba.

Malam Maman Barka ya rasu a Yamai ran 21 ga Nuwamba, 2018. Da muka ji sanarwar a rediyo, gidanmu ya yi shiru kamar an yi mana rasuwa a dangi, ko da yake ba mu taɓa haɗuwa da shi ba, bai kuma san akwai waɗansu tsofaffin malamai a bakin Rima da suke ƙaunarsa ba. Allah ya ta'azantar da iyalinsa da dukan mutanen Nijar.

Idan a gidanku akwai tsoho ko tsohuwa da kuka taɓa ji yana rera wani abu can ƙasa-ƙasa, kada ku jira sai an sami lokaci. Ku ɗauki tabarma ku je ku zauna kusa da shi cikin makon nan, ku ce, “Kaka, koya mana.”